Muryar da ke Jiran Amsa

Sufeto yana cin abincin rana shi kaɗai a ofis, kamar kullum, aka shigo da wani tsoho.

"Ranka ya daɗe, an sace min rikoda."

Kofur ɗin da ya shigo da shi ya kusa fashewa da dariya. Wa ke kukan rikoda a zamanin nan? Sufeto ya harare shi, ya ba tsohon kujera.

"Ba rikodar ce damuwata ba, kaset ɗin ciki ne. Muryar matata ce, Allah ya jiƙanta. Ba ni da wani."

Malamin Turanci ne da ya yi ritaya, yana koyar da manya a falonsa. Tun matar tana raye ta karanta masa darussa a kaset: ta fara jimla, ta yi shiru, ɗalibi ya ƙarasa. Makon nan suna kan jimlolin da ke fayyace wanda ake nufi da kalmomin Turanci who da which, irin su mutumin da ya yi kaza, matar da ta ce kaza.

Sufeto ya je falon. Benci biyu, allo, ƙofa ba a ɓalle ba. Sabuwar wayar Malam tana kan tebur, ba wanda ya taɓa ta. Wannan ɓarawo ba abin sayarwa ya zo nema ba.

Ɗaliban uku ne: direba, nas, da wani tela dattijo.

"Ni na fara fita jiya," in ji direba. "Yallaɓai, ni da who da which ke hana ni barci, zan kai su gida?"

Nas ma ta ce ita ta fara fita. Da Sufeto ya matsa, sai ta sunkuyar da kai: tare suka fita, neman aurenta yake, ba sa son a ji tukuna. Ƙaryarsu ke nan, ba ta wuce nan ba.

Tela yana shagonsa.

"Baba, wa ya rage bayan sun tafi?"

"Ni ma ban daɗe ba, ɗana."

A kan keken ɗinki akwai manyan batura sababbi, amma ba tocila, ba rediyo. Sufeto ya yi sallama ya fita, ya tsaya jikin taga. Bai jima ba ya ji telan yana magana da Turanci a ɗakin baya, a hankali, kamar mai hira da baƙuwa. Ya koma ya ɗaga labule. Rikodar tana kan cinyarsa.

"Ni na ɗauka," in ji tela. "Yara sun watse, masu ɗinki su ajiye yadi su tafi. Muryar nan kaɗai ce take yin shiru ta jira in amsa. Kwana ɗaya na so ta yi min."

Sufeto ya ƙare wa ɗakin kallo. Shi ma ya san irin ɗakin nan, a cikinsa yake kwana.

A ofis Malam ya rungume rikodar, ya kunna. Muryar mace ta fito, mai taushi: "The man who sits alone..." Sai ƙara, sai muryar tela: "...is my friend." Wato, mutumin da ke zaune shi kaɗai abokina ne. Daga nan har ƙarshen kaset telan ne ke ta amsawa, ba mai tambaya. Idonsa ba ya gani sosai, jan maɓallin ɗauka ya danna, ya shafe ta bai sani ba.

Tela ya dafe kai. "Wayyo Allah! Malam, me na yi?"

Kofur ya kama hannunsa a hankali, suka nufi ciki. Malam ya mayar da kaset baya, ya sake jin rabin jimlar da ta rage masa, hawaye na zuba.

"Sufeto," ya ce, "ka gaya masa cewa daidai ya ƙarasa ta."