Saƙon Aro

Ranar kasuwar Ajingi Mus'ab ya fara ganinta. Yana zaune kan buhun gyaɗar da ya kawo daga Toranke, sai wata budurwa ta tsaya, ta ɓare ƙwaya ɗaya ta tauna.

"Ta bushe ko?" ya tambaya, alhali ya fi kowa sanin ta bushe.

"Ba laifi," in ji ta, tana ɓoye murmushi cikin mayafi.

Sunanta Afra'u, 'yar Gaya. Ita da mahaifiyarta Hansai ke yin ƙuliƙuli da man gyaɗa, suna tallatawa a Facebook. Kafin ta bar rumfar ya haddace sunan shafin.

Sai dai abin rubutawa ya gagare shi. Nan ya tafka wautar da ta kusa raba shi da ita har abada: ya miƙa wayarsa ga Sharfaddeen mai shagon caji, wanda samarin Toranke ke yi wa kallon gwanin mata. Gwanin banza! Mutumin da ko budurwa ɗaya bai taɓa riƙewa ba.

"Mata ba sa son sanyi-sanyi, da zafi ake shiga," in ji Sharfaddeen yana latse-latse. Ya tura, ko nuna masa bai yi ba.

Ita kuwa Hansai ba ta karatun boko, don haka duk saƙon da ya shigo shafin Afra'u ke karanta mata a fili, tunda yawanci masu saye ne. Suna tsakar matse tunkuza tare da maƙwabta wayar ta yi ƙara.

"Umma, mai gyaɗar nan ne na Ajingi," in ji Afra'u da murnarta. Layi ɗaya ta karanta ta kife wayar. Barira maƙwabciya ta fizge wayar ta ƙarasa wa jama'a:

"Hi baby. Tunda na gan ki na kasa cin abinci. Dirin nan naki ya gama da ni. Turo min hotonki ba mayafi, sweety."

"Tir!" Hansai ta tofar da yawu. "Wannan ɗan iskan kike yi wa rawar kai? Ba zai taka min gida ba."

Afra'u ta karɓe wayarta. Abin da ya fi ƙona mata rai, da gaske yaron ya kwanta mata. Ga kuma ƙarin ƙyama: ƙazantar nan, kalma da kalma, Sharfaddeen ya taɓa turo mata da sunan kansa. Ta rubuta:

"Ko sallama babu. Kai da mai cajin garinku kwano ɗaya kuke ci ashe. Allah ya sawwaƙe."

Ta toshe shi.

Sai a lokacin Mus'ab ya karanta abin da aka tura da sunansa. Kunya ta rufe shi, ya ji ƙyamar wayar kanta. Da ya nutsu, ya nemo lambar da ke kan shafin ya tura saƙon murya, kuma ba Afra'u ya nufa ba:

"Assalamu alaikum, Umma. Sunana Mus'ab, ɗan Malam Datti na Toranke, manomi ne ni. Ba ni na rubuta abin nan ba, amma ni na ba da wayata, laifin nawa ne. Aure nake nema. In kun yarda kawuna zai zo gaban mahaifinta, in ba ku yarda ba ku yafe min."

Hansai ta saurara tana taɓe baki. Can ta ce, "Sake kunna min."

Mahaifin Afra'u ya aika Toranke aka bincika, ba a samo komai ba sai noma da masallaci. Duk da haka sai da Afra'u ta gasa Mus'ab son ranta kafin ta buɗe shi.

"Mai gyaɗa, ka ci sa'a."

"Afrata, wallahi har ramewa na yi."

"Gara da ka rame, abin ƙaunata. Ka ji yadda na ji."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Gaya. Sharfaddeen, da yake kunya ba ta ishe shi ba, har da shi a layin shinkafa.

Da ango ya durƙusa gaida surukarsa, daga bayan labule Hansai ta yi magana.

"Na tsane ka kafin in san ka, yaron nan. Ga ta nan na ba ka. Ka riƙa yi mata magana da bakinka, ko da bai iya ba. Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Umma," in ji Mus'ab, hawaye na ɗiga kan babbar rigarsa.