Tagwayen Faya-fayai

Alhaji Abdussamadu bai tsaya sallama ba da ya faɗo ofishin Insifekta Riskuwa. Hula ta karkace, gumi ya jiƙa wuyan riga, ga wasu 'yan tiren ƙarfe huɗu a hannunsa. Ya zube su a kan tebur.

"Duba da idonka, Insifekta. Wayam! An yi muna sata, kuma na san ɓarawon."

Alhaji shi ne shugaban Ƙungiyar Manoman Shinkafa ta Tsintsiya. A shekarun nan wayar salula ma ba ta daɗe da isowa Birnin Kebbi ba, amma ƙungiyar ta samu tallafin wata ƙatuwar kwamfuta mai tsayin firji, wadda ake kira saba. A cikinta aka zuba taswirar gonakin fadama da hotunan masu su, tun daga Birnin Kebbi har Gulma.

"Zauna, Alhaji. Mi anka sace?"

"Faya-fayan ajiya. Takwas munka karɓa, kowane na ɗaukar giga ɗari. Takwas sau ɗari nawa ke nan?"

"Ɗari takwas."

"Madalla! To tun ranar da anka kunna injin nan ɗari huɗu yake nunawa. Na yi magana, yaron ya cika ni da turanci. Jiya na sa anka zaro tiren da ke riƙe faya-fayan duka, huɗu ba komi ciki."

"Wane yaro?"

"Nu'uman, jami'in kwamfutarmu. Shi kaɗai ya karɓi injin ranar da anka kawo shi."

Lissafin ya zauna daram. Rabin faya-fayai sun ɓace, rabin wuri ya ɓace. Riskuwa ya daɗe bai samu ƙara mai sauƙi irin wannan ba, har ya ji daɗi a ransa.

A tashar mota aka kama Nu'uman, yana saukowa daga motar Kaduna inda ya yi wata guda yana kwas. Ko gida bai leƙa ba. Da aka kawo shi gaban Insifekta, siririn saurayi ne mai gilashi, ɗan wani malami a Gwadangaji.

"Ina faya-fayai huɗu?"

"Yallaɓai, takwas na bari. Wallahi takwas."

"To mi ya sa injin ke nuna ɗari huɗu tun ranar farko?"

"Haka ya kamata shi nuna. Rabin kwafi ne na ɗaya rabin."

Riskuwa ya yi tsaki. Shekarunsa a aikin nan ya ji ƙarya iri-iri, amma ba a taɓa ce masa rabin kaya hoton ɗaya rabin ne ba.

"Kai, ni za ka raina wa hankali? Buhu takwas in sa a sito, in dawo a ce huɗu ne?"

"Yallaɓai, ba buhu ba ne."

"Saje, mai da shi."

Da Riskuwa ya fito, sai ya tarar da wani mutum a gaban kanta riƙe da kular abinci, idonsa jajur. Ya ce sunansa Sirajo, shi ke kula da siton ƙungiyar, kuma tare suka taso da Nu'uman.

"Kana shiga ɗakin injin?"

"Ni? Yallaɓai, ko kunna kwamfuta ban iya ba. Taki da iri na sani. Don Allah a taimaka, uwar yaron nan tun da ta ji labarin ba ta sa komi a bakinta ba."

Kafin azahar Di-pi-o, shugaban caji ofis ɗin, ya kira Riskuwa. Alhaji ya riga ya buga waya sama, an ce a kai yaron kotu jibi da safe. Riskuwa ya ƙame ya ce to. Amma da ya koma ofis abu ɗaya ya hana shi sakat. Ɓarawon da ya san ya kwashe rabin injin oga, me zai sa ya dawo da ƙafarsa, har da tsarabar Kaduna a leda?

Washegari ya hau babur zuwa kwalejin kimiyya, ya roƙi Malama Zuhura, mai koyar da ilimin kwamfuta, ta zo ta duba masa injin. Mace ce mai kaifin baki, ba ta jiran a gama tambaya.

Ɗakin sabar sanyi ƙalau, injin yana gurnani a kusurwa. Malama ta durƙusa ta duba ramukan faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, ta koma allon ta yi 'yan danne-danne.

"Insifekta, wa ya ce maka ɗari huɗun nan shaidar sata ce?"

"Takwas sau ɗari."

"Wannan lissafin da ke rubuce jikin kwali ne. Abin da faya-fayan ke iya ɗauka daban, abin da za ka iya amfani da shi daban. Injin nan bibbiyu anka haɗa su, tagwaye. Duk abin da ya rubuta a ɗaya, sai ya rubuta a ɗan'uwansa, don in guda ya mutu kada a rasa komi. Faifai takwas, wurin zuba kaya na huɗu, har da ɗan ragin da injin ke riƙe wa kansa."

"Ke nan ko da takwas ɗin suna ciki..."

"Ɗari huɗu zai nuna. Yanzu da anka cire huɗu, ɗari huɗu yake nunawa. Lambar ba ta motsa ba."

Riskuwa ya ji kunya ta rufe shi. Abin da yaron ya faɗa masa ke nan jiya, shi kuwa ya yi masa tsaki. Ashe ba a ranar farko aka yi satar ba. Ana iya yin ta kowace rana.

"Kada ka yi murna tukuna," in ji Malama. "Dubi ramukan da ke wayam. Na biyu, na huɗu, na shida, na takwas. Guda daga kowane tagwaye. Da ya kuskura ya zare biyu 'yan gida ɗaya, da injin ya faɗi nan take. Wanda ya yi wannan ya san yadda anka haɗa su."

Riskuwa ya sake duban ramukan. Wa ya san haɗin in ba Nu'uman ba? Ya zo neman abin da zai wanke yaron, ga shi ya samo abin da zai ƙara ɗaure shi.

"Abu biyu kuma. Yanzu ba faifan da ke da ɗan'uwa, ko guda ya mutu gonakin mutane sun tafi. Sannan faya-fayan nan ba sa shiga kwamfutar gida, bakinsu daban ne. Kuma injin ba ya yin shiru in an zare mishi faifai. Kuka yake yi."

"Kuka?"

"Ƙara mai huda kunne, har sai an kashe ta."

A baranda wata dattijuwa tana goge tagogi, kunnenta duk yana wajensu. Balaraba ke nan, mai sharar ofishin. Riskuwa ya gaishe ta da ladabi.

"Inna, kin taɓa jin injin nan na kuka?"

"Awo, ɗana! Ƙii, ƙii, kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Ran Asabar ɗin da kowa ya tahi Argungu kallon kamun kihi. Ni kaɗai ce a ofis, har na fara addu'a."

"Malam Nu'uman yana gari?"

"Ina! Shina Kaduna."

"To wa ya kashe kukan?"

"Malam Sirajo mana. Ashe shina ciki ban sani ba. Ya leƙo ya ce kada in damu, zahi ne ya yi wa injin yawa. Sai na ji shiru. Allah shi yi mishi albarka, har kuɗin goro ya ba ni."

Mutumin da bai iya kunna kwamfuta ba! Riskuwa ya yi mata godiya. Ya koma caji ofis ya sa aka fito da Nu'uman. Kwana a sel ya sa fuskarsa ta faɗa, sauro ya yi masa kaca-kaca.

"Wa ka taɓa nuna wa yadda anka haɗa faya-fayan?"

Nu'uman ya sunkuyar da kai.

"Gobe da safe kotu za a kai ka. Daga can gidan yari. Ka gane?"

"Yallaɓai, ba zai yi ba. Ɗan'uwana ne."

"Ban tambaye ka ko zai yi ba."

"Sirajo," ya ce da ƙyar. "Yakan zauna da ni in ina aiki. Ya ce yana son shi koya, don yana da shagon ɗaukar bidiyo a Argungu. Har na zare faifai guda a gabansa, na nuna mishi injin bai tsaya ba. Amma wallahi Sirajo ba zai yi mini haka ba."

Da la'asar motar 'yan sanda ta kama hanyar Argungu, fadamun shinkafa shar a gefen titi. Riskuwa bai kalle su ba, agogo yake kallo. In ya dawo hannu banza, ba abin da zai faɗa wa Di-pi-o sai maganar mai shara.

Shagon yana bayan kasuwa, kusa da masu soya kifi. An manna hotunan amare da na masunta da manyan gorunansu. Wani mai suna Sunusi ne a ciki, shi ke haɗa finafinan biki yana kuma gyaran kwamfuta.

"Shagon wa?"

"Na Malam Sirajo. Ni aiki nake mishi."

"Ya kawo maka faya-fayai huɗu?"

"Faya-fayai? A'a. Kaset kawai yake kawowa."

Riskuwa ya zagaya bayan tebur. Wata kwamfuta na kwance a buɗe, hanjinta a waje. Kusa da ita ga wata waya mai faɗi an yanke kanta, an yi ƙoƙarin liƙa mata wani kai da dalma.

"Mi kake son haɗawa da wannan, wanda bakinsa bai dace ba?"

Sunusi ya kawar da kai daga wayar.

"Ka ji da kyau. Kayan sata ne. Wanda anka same su a hannunsa, shi da ɓarawon tafiyarsu ɗaya. Saje, fara daga wancan kabad."

"Tsaya, yallaɓai! Wallahi ce mini ya yi gwanjo ya saye su."

Ya jawo wani kwalin madara daga ƙarƙashin benci. Faya-fayai huɗu ne a naɗe cikin tsohon zani, masu nauyi kamar bulo. Guda ɗaya bakinsa ya karye.

"Bidiyon kamun kihi ya cika muna kwamfuta, shi ne ya kawo su. Sun ƙi shiga. Ya ce in matsa, na matsa, wannan ya ɓalle. Tun ran nan bai sake barci ba, kullum sai ya kira ni."

Da safe Alhaji Abdussamadu ya iso caji ofis cikin babbar riga, don ya raka ƙararsa kotu. Sirajo ma ya zo da kularsa. Riskuwa ya ce su shigo ofis duka, ya sa aka kawo Nu'uman.

"Alhaji, wa ya ba ka shawarar zaro tiren kafin yaron nan shi dawo?"

Alhaji ya gyara zama. "Sirajo ne ya tuna mini zancen ɗari huɗun. Ya ce gara a duba tun ba ya nan."

Riskuwa ya ɗauko kwalin madarar ya ajiye a tebur, ya yaye zanin.

Sirajo ya dubi faya-fayan, ya dubi ƙofa. Saje Malami na tsaye a bakinta.

"Ban san su ba."

"Sunusi na bayan kanta. Balaraba na hanya. In kira su?"

Sai Sirajo ya zauna a ƙasa.

"Aro na yi," ya ce. "Na ga injin na aiki ba su, na ce zaman banza suke yi. Niyyata in gama aikin biki in mayar kafin shi dawo. Da guda ya karye sai na rasa yadda zan yi. Na san yana shiga ɗakin zai gane, kuma ni kaɗai ya koya wa."

"Sai ka tuna Alhaji bai taɓa yarda da ɗari huɗun ba."

"Na ɗauka kora kawai za a yi mishi. Ban zaci za a kai ga 'yan sanda ba."

"Kora kawai!" Riskuwa ya buga tebur, ransa ya ɓaci matuƙa. "Ka ga an rufe shi, ka zo nan kana yi mini hawaye, ka koma gidansu ka zauna kana ba uwarsa haƙuri!"

Alhaji ya cire hula ya rasa inda zai ajiye ta. Ya juya wajen Nu'uman.

Nu'uman bai ko dube shi ba. Sirajo yake kallo, hawaye na bin ƙasan gilashinsa.

"Jiya anka tambaye ni, na rantse da Allah ba za ka yi ba."

Sirajo ya rufe fuska da hannu biyu. Saje ya ɗaga shi, ya sa masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa zuwa sel ɗin da aka buɗe ɗazu.

A kanta aka miƙa wa Nu'uman bel ɗinsa da takalmansa. Riskuwa ya tsaya kusa da shi, ya ce a hankali, "Ka faɗa mini gaskiya tun ranar farko, ban saurare ka ba. Ka yafe ni."

Nu'uman ya gyaɗa kai. Kofur ɗin kanta ya turo masa kular da Sirajo ya bari.

"Taka ce, malam. Kai ya kawo wa."

Nu'uman ya buɗe murfin. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, da zafinsa. Ya gane girkin mahaifiyarsa, ita ta ba Sirajo ya kawo. Ya mayar da murfin ya rungume kular.

"Yallaɓai, ka sa wani shi raka ni gida," ya ce. "Ni ban san da bakin da zan gaya wa Inna ba."