Surukata Ba Za Ta Ga Cikina Ba

"Wallahi, Zuhra, ya ƙi. Ya ce gara a mai da shi gida."

Bukar ne ke gaya min haka a ƙofar ɗakin hoto na asibitinmu, hularsa a hannu. Saura wata huɗu bikinmu, amma ranar ji na yi kamar in shaƙe shi.

"Ya ƙi? Wata uku kuna ɗura masa jiƙon shawara, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, da ƙyar kuka kawo shi yau, sannan ka ce min ya ƙi?"

"Yi a hankali mana, yana ji..."

"Ya ji!"

Baba Isiyaku, mahaifin Bukar, yana kan benci ya ba mu baya. Shekara arba'in yana rini a Ƙofar Mata, shuni ya kama hannuwansa har gwiwa. Tun da aka sa ranarmu bai sake haɗa ido da ni ba, in ya hango ni a lungu sai ya sauya hanya. Kunyar surukai ce, babu mai ganin laifinsa.

To amma a ɗan asibitinmu na Ƙofar Na'isa mu biyu ne kacal muka iya na'urar duba ciki. Babban likitanmu, tun da soja suka miƙa mulki watan jiya ya bi 'yan siyasa Abuja, har yau ko duriyarsa. Saura ni. A babban asibiti kuwa sati uku aka ba su, ga mutum abinci ma ya daina zama masa.

"Cewa ya yi surukarsa ba za ta ga cikinsa ba," in ji Bukar. "Ki fahimce shi, masoyiyata."

Na fahimce shi sarai, shi ya sa abin ya fi yi min ciwo. Na je na durƙusa gefen bencin.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau."

"Baba... in da ba surukarka ba ce fa? In da likita ce kawai?"

Na miƙe. Allah ya sani ina son Bukar, tun ina aji uku a sakandare ban kalli wani ba.

"Bukar, na fasa aurenka. Yau zan sa a mayar muku da kayanku."

"Zuhra! Kin haukace?"

"Da hankalina garau." Na juya. "Malam Isiyaku, shigo ka kwanta, akwai masu jira."

Ban taɓa kama sunansa ba sai ranar. Tsohon ya dafa bango ya tashi, ya wuce ɗansa ya shiga.

Da ya kwanta sai ya ja rigarsa sama ya rufe fuska da ita. Na shafa masa man nan mai sanyi, na ɗora kan na'urar ƙasan haƙarƙarinsa na dama.

"Ja numfashi... riƙe."

Lafiyayyar hanta sumul take fitowa a allo. Tasa kuwa, ga wani dunƙule kamar goruba a tsakiya, ga ƙanana sun bazu kewaye da shi. Na yi ta addu'a a zuci Allah ya sa maruru ne, mugunya ce da za a zuƙe da allura a huta. Na sauya wuri, na sake aunawa, na sake. Ba ruwa ba ne, tsoka ce. Ciwon daji ne, kuma ya yi nisa.

"Likita," muryarsa ta fito daga cikin riga, "na ji kin yi shiru."

"Sai an yi gwajin jini, Malam, a tura ka babban asibiti a tabbatar..."

"Ni marini ne, yarinya. In yadi ya ruɓe, tun kafin in tsamo shi nake sani. Gaya min gaskiya, zan ga wata huɗu?"

Na buɗe baki, hawaye suka riga ni. Ashe yana jin shessheƙata.

"Alhamdulillahi," ya ce. Ya sauke rigarsa, ya tashi zaune a hankali. "Likita ta gama aikinta, Allah ya saka da alheri. Bukar! Shigo."

Bukar ya shigo, idanunsa jajir, ko kallona bai yi ba.

"Saki fuskarka, shashasha. Yarinyar nan ta yar da kai ne don ta duba ubanka, irinta ba a sake da ita. Ka je wurin iyayenta yau ɗin nan, ka ce ni na roƙi alfarma a dawo da ɗaurin auren Juma'ar nan."

"Juma'a, Baba? Ai ko lefe ba a gama haɗawa ba..."

"Lefe zai jira," in ji Baba. "Ni ne ba zan jira ba."