Zomayen da Isufu Ya Bari

"Sun sake fita..."

Shekara ce ta faɗi haka ta kafar danga cikin haushi. Farin zomo ɗaya na rungume a ƙirjinta, ɗayan ta matse shi a hammata, ƙafafunta duk taɓon lambu. Ta waje kuwa Illa magini na tsugune yana sosa ƙeya.

"Ta ina?"

"Ni kake tambaya ta ina? Shigo ka gani mana."

Ta san ba zai shigo ba, shi ya sa ma ta faɗa. Tun ranar da iyayen Illa suka kai goron gaisuwa gidansu, bawan Allah ya ɗauki kunyar surukai ya ɗora wa kansa fiye da kowane saurayi a Matameye. In ya hango babanta, Idrisa mai lambu, yana tahowa, sai ya saki hanya ya faɗa gonar mutane. Rannan har cikin ƙaya ya faɗa. Balle a ce ya taka cikin gida. Gari duk ana yabonsa, wai yaro mai kunya. Ita kuwa Shekara kunyar nan ta kai mata iya wuya.

Zomayen ba irin na daji ba ne. Mace da namiji ne, farare tas, idanunsu jajaye. Yayanta Isufu ne ya samo su wurin wani Balarabe da ya yi wa ɗaurin kayan raƙuma a Birnin Damagaram. Ranar da zai bi ayari arewa ya zuba mata su a cinya suna 'yan ƙanana, ya ce ta riƙe masa su har ya dawo. Ayari ya dawo, Isufu bai dawo ba. An ce ciwo ya kama shi, an bar shi a wata rijiya hannun mutanen wurin. Babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya gan shi a raye. A gidan ba a zancen. Isufu ɗan fari ne, Idrisa ko sunansa bai taɓa kamawa ba, balle ya yi kukansa a gaban mutane. Sai Shekara ta tattara duk kewarta ta zuba kan zomaye.

Su kuma zomayen suka zuba tasu kan ganyen dankalin Idrisa da ke lambun bayan gida. Sau uku ke nan. Da safen nan tsohon ya tsaya kan kunyar dankali, ya dubi ɓarnar, ya ce in ran kasuwa ta yi ba su da ɗakin da zai riƙe su, wuƙa ce za ta riƙe su. Saura kwana huɗu, kuma Idrisa ba ya faɗin magana sau biyu.

To, ba a ce Illa bai yi ƙoƙari ba. Da fari ya saƙa musu akurki na karan dawa, ɗan mitsitsi kamar na kaza mai kwanci, ya miƙo ta saman danga. Kwana biyu suka cinye shi. Wai magini guda ya yi wa zomo ɗaki da abinci! Sai ya koma ya saro ƙiraren geza, ya saƙa wani, dogo har ƙirjin mutum, don kowa ya san zomo da tsalle. Shekara da innarta Balki suka kafa shi a tsakar gida. Shi ne yau suka fita.

"Ta ƙasa suka bi," in ji ta. "Rami suka haƙa."

"Haba, 'yar Baba. Zomo ba ya haƙa rami."

"Waɗannan suna haƙawa."

Ya kwantar da murya, irin kwantarwar nan da ta fi zagi ciwo. Ya ce shi tun yana yaro yake bin farauta, zomo gindin sabara yake laɓewa, in an taso shi ya zura da gudu. Mai rami gafiya ce. Wataƙila gafiyar ce ta haƙo daga waje suka samu hanya. Zai ƙara tsawon ƙiraren da kamu guda.

Shekara ta ji kamar ta jefo masa zomon a fuska.

"Ka ƙara shi ya kai rimi in ka so. Amma ka ji ni da kyau, Magini. In wuƙa ta taɓa su, kar in sake ganin ƙafarka a gindin dangar nan."

"Rabin raina..."

"Rabin ran naka na cikin gida, kai kana waje!"

Ta juya ta bar shi tsugune.

Kamar abin bai ishe ta ba, sai ga Ummaru maharbi, ɗan goggonta. Shi taubashi ne, babu ƙofar da ke rufe masa, kuma ya daɗe yana ɓoye son gaske cikin wasan taubasai. Ya shigo yana rangaji, ya zagaya ƙiraren Illa yana dariya, ya ce in aikin mijin da za ta aura ke nan, gara ta fara koyon kwana a waje. Ya ce ta ba shi zomayen ya kai gidansa, yana da tsohuwar randa, in ya so kullum ta riƙa zuwa tana duba su. Shekara ta gane inda ya dosa. Ta ce masa randa ta ruwa ce, ya je ya sha.

Bai tsaya nan ba. Daga gidansu ya zarce wurin Baiwa, uwar Illa, ya zauna ya sha fura, ya ce shi fa duk yawonsa a daji bai taɓa ganin zomo fari mai jan ido yana shiga ƙasa ba, Allah kaɗai ya san ko mene ne yarinyar nan take kiwo. Kafin la'asar saƙo ya iso wa Balki: Baiwa ta ce ba ta hana aure ba, amma waɗannan abubuwa ba za su taka gidanta ba, amarya ta zaɓa.

Shekara ta shiga bayan rumbu ta yi kuka mai isarta. Haushin Ummaru take ji, da na Baiwa, da na babanta, amma na Illa ya fi yawa, don shi ne take so.

Kwana biyu bai zo danga ba. Ta ce a ranta shi ke nan, uwarsa ta yi magana. Ta ɗaure zomayen da igiyar kaba a gindin turmi, macen ta ƙi cin dusa, sai fizgar gashin ƙirjinta take yi. Daga baya ma ta gwigwiye igiyar ta shige ramin da ta haƙa cikin ƙiraren.

Ana gobe kasuwa, Idrisa ya tafi Kance ta'aziyya. Da hantsi Shekara na daka, sai ta ji wata 'yar sallama daga zaure, siririya kamar ta maras lafiya. Ta ɗaga kai. Illa ne tsaye a bakin tsakar gida, dagi a kafaɗa, gumi na zubo masa. Balki ta saki ludayi ta yi ɗaki da gudu, don ita ma surukuwa ce.

"Ka shigo?"

"Na shigo. Kar ki yi mini magana, in ba haka ba sai in juya da gudu."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne, don ba ta gama fushi ba.

Bai taɓa dagin ba. Ya sa ta kwance namijin, ya kwanta rub da ciki a ƙasa yana kallonsa. Zomo ya yi tsalle uku ya tsaya, Illa ya ja layi da yatsa. Zomo ya miƙe ya baje a inuwa, Illa ya auna shi da taƙi. Zomo ya tashi kan ƙafafun baya yana shinshina iska, ya auna daga ƙasa har ƙarshen kunne. Can sai zomon ya nufi gindin turmi ya hau watso ƙasa da ƙafafun gaba.

Illa ya daɗe yana kallo.

"Suna haƙawa," ya ce a hankali.

"Allah? Ba gafiya ba ce?"

"Ki yi haƙuri, Shekara. Kin faɗa, ban ji ba."

Haushin kwana da kwanaki ya fara sauka, amma ba ta nuna ba. Ya ce ba tsawo suke buƙata ba, fili suke so da ƙasa mai ƙarfi. Sai an haƙa kamu biyu a shimfiɗa duwatsu, a yi daɓe, a tayar da bango na tubali, a binne musu tsohon tulu a ciki ya zama ramin da suke nema. Sannan ya rarrafa cikin ƙiraren ya zura hannu a ramin macen har kafaɗa, don ya ji zurfinsa.

A haka Idrisa ya same su. Ashe a hanya ya gamu da 'yan ta'aziyyar suna dawowa, an ce mai gidan ya tafi Kurni.

Tsohon ya tsaya, sanda a hannu. Ga surukin da yake faɗawa ƙaya don kar su haɗa ido, kwance a tsakar gidansa, kunci a ƙasa, hannu a rami. Shekara ta durƙusa. Ta san kunyar nan kaɗai ce ta sa babanta ya karɓi goron Illa.

"Me kake nema a gidana?"

Illa bai tashi ba, bai kuma zaro hannun ba. Ya yi magana fuskarsa na kallon ƙasa, kuma wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi wa mutumin.

"Baba, na yi rashin kunya, a hukunta ni. Amma ɗakin nan ba ya yiwuwa daga bayan danga. Kuma laka ba ta bushewa a kwana ɗaya. Kwana bakwai nake roƙo."

"Na ce ran kasuwa."

"Baba... ta haihu."

Sai a lokacin ya zaro hannu, sannu-sannu. A tafinsa wani ɗan abu ne ja, tsirara, ido rufe, naɗe cikin farin gashi, yana motsi. Ya ce ya taɓa guda biyar a ramin.

Idrisa ya matso. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, har Shekara ta ga gemunsa na rawa. Ba ta taɓa ganin haka ba.

"Mayar da shi wurin uwarsa kar sanyi ya kama shi," ya ce. Ya gyara murya. "Kamu nawa za ka yi ɗakin?"

"Shida a tsaye, huɗu a kwance."

"Bai isa ba."

Ya taka zuwa ɗakin Isufu, wanda ke rufe tun tafiyar ayari, ya kafa sandarsa a gindin bangon, ya ja layi a ƙasa har gindin kurna. Ya fi kamu goma.

"Daga nan zuwa nan. Na yaron nan ne. In ya zo ya tarar sun yi yawa."

Shekara ta toshe baki da gefen zane, hawaye na zuba. Ashe ba ita kaɗai take jira ba. Ashe ba don dankali yake ƙin ganinsu ba.

Tsohon ya juya baya kafin ya ƙarasa magana. Ya ce ya ji saƙon Baiwa, a gaya mata ta kwantar da hankali, zomaye ba inda za su, a gidan nan za su zauna. Yarinya ce kawai za a ɗauka. Tun da kunyar ta riga ta zube, magini ya ce wa manyansa su zo a sa rana, ya daina ɓata wa mutane gonaki.

"Baba, ai ni ya ba wa riƙo..." in ji Shekara.

"Kin riƙe. Ni ma a bar ni in riƙe."

Kwana tara Illa ya yi yana ginin, Shekara na kawo ruwa tana gyara masa aiki, yana cewa to. Ummaru ya leƙo sau ɗaya, ya ga Idrisa da kansa yana miƙa tubali, ya koma ko sallama bai ƙarasa ba. Da wata ya kama aka ɗaura aure. Baiwa ta karɓi amarya da guɗa, bayan ta leƙa cikin kayanta ta tabbata babu mai jan ido.

Ranar da Shekara ta fara zuwa ganin gida, Illa ya rako ta, ya kuma tsaya turus a bakin zaure, wai kunya. Ta harare shi.

"Mutumin da aka kama rub da ciki?"

"Ki rufa mini asiri, rabin raina."

Ta ja hannun rigarsa suka shiga. Idrisa bai ji sallamarsu ba. Yana tsugune a bakin ɗakin zomaye da dami guda na ganyen dankalinsa, yana miƙa musu ɗaya-ɗaya, yana yi musu faɗa su ci a hankali.