Taku Goma Daga Gindin Tsamiya

Magariba ta kawo jiki, kaji sun shige akurki, Inna Safara'u tana tuƙin tuwo a madafi, sai dutse ya sauka a kan kwanon ɗakin 'yarta Raudatu. Na biyu ya biyo, na uku sai da ya lotsa kwanon. Aka leƙa waje, babu kowa sai dawa a tsaye, ko ganye ba ya motsi.

Safara'u ba ta tambayi kowa ba, don ta san mafarin abin. Mijinta Uwaisu, tun da gine-gine suka fara cinye gonakin Ungogo, idonsa ya daina ganin gona, filoti kawai yake gani. Ya ƙudurta yanka gonar gadonsa ya sayar. Da ya ji bai iya biyan mai awo, sai ya tuna ashe yana da 'ya mai karatun injiniya a jami'a, karatun da shekara uku ko sannu bai taɓa yi mata a kansa ba.

Raudatu ta ɗauki tef ta bi gonar yanki-yanki. Daga kusurwa ɗaya takan auna gefe biyu, kowanne da tsawonsa da inda ya fuskanta, abin da ta ce ana kira vekta. A teburin lissafi na kwamfutarta ta rubuta wani umarni nata na kanta, ta raɗa masa suna Gicciye. Ka ba shi lambobi uku na wannan gefe, uku na wancan, sai ya fitar da vekta ta uku mai miƙewa sama, tsawonta shi ne girman filin. Aikin ya yi kyau, ba a cewa komai. Sai dai kusurwar da ta fara da ita gindin tsamiya ce, inda tun kakanni ake barin taku goma ba a sa fartanya. Safara'u ta faɗa, Uwaisu ya yi tsaki, ya ce camfin mata ne, a auna har saiwa.

Kwana uku, da rana ta faɗi sai jifa, sai wata murya a cikin rumbu tana karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya. Amsar da ke kwamfutar kuma ta juye. Raudatu ta ce vektar yanzu cikin ƙasa take nunawa, wanda ba ya faruwa sai an sauya jerin gefen biyu, ita kuwa ba ta taɓa komai ba. A rana ta huɗu ta zauna a tabarma, kwamfutar a cinyarta, aka kira ta ba ta amsa ba. Da ta ɗago kai, Safara'u ta ga idon ba na 'yarta ba ne.

Bayan la'asar aka kawo Malam Abdulmumini, malamin allo na unguwar, wanda ya san ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta yi gurnani da muryar tsoho.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Maƙwabci. Na riga kakan wancan mutumin zama a nan."

"Me ta yi maka?"

"Ta zuba gidana cikin layukan akwatinta, za a yanka shi kamar kabewa."

"Aikenta aka yi. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"A cire taku goma daga gindin tsamiya, yanzu in fita."

Malam ya dubi Uwaisu. Safara'u ma ta dube shi, tana jiran kalma ɗaya tak. Shi kuwa gogan naka sai ya yi gyaran murya, ya gyara zaman hula kamar wanda ya shiga kara sayen rago.

"Wajen nan fa bakin hanya ne, Malam. Nawa zai ci a cikin filin?"

Yatsun yarinyar suka hau kwamfutar, ido a rufe, suka buga lambobi. Muryar ta ce, "Bai kai rabin filoti ba."

Uwaisu ya shiga lissafi da leɓe, 'yarsa tana karkarwa a gabansa. Safara'u ta ji raininsa ya cika mata ciki, har ta gwammace kallon aljanin da kallonsa.

"To, a ce biyar mana," in ji shi.

Muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana yi. "Malam, karatunka yana ƙona ni, amma na iya jure shi. Wannan ne ba zan iya ba. Na bar masa tsamiyar, na bar masa 'yar. Ba na maƙwabtaka da irinsa."

Raudatu ta yi atishawa uku, ta zube a jikin uwarta. Malam ya tofa addu'a a ruwa aka shafa mata, ya ɗauki takalmansa, ko sallama bai yi wa maigidan ba.

Da ta buɗe ido, Uwaisu ya matso yana washe baki. "Sannu, 'yata. Ba ki ma san abin da ya faru ba."

Ta dube shi, wannan karon da idonta na gaskiya.

"Na sani, Baba. Duk ina ji. Biyar ka taya."