Sunan da Ya Fito a Rediyo

"Kai ne ka kai wa rediyo waƙar jikata?"

Dwayne ya fito daga ƙarƙashin motar da yake gyarawa, hannu duk baƙin mai. Kaka Mavis ce tsaye a kansa, ba takalmi, fuskarta shafe da farar ƙasar makoki. Narelle, wadda zai aura, na bayanta, idanu jajir.

"Ni ne, Kaka... so na yi in ba ta mamaki..."

"Ai ka ba mu! Ina kanti ina sayen fulawa sai ga sunan ɗana yana fitowa daga akwatin rediyo, har da kiɗan jita! Sati uku da binne shi! Mata suka watsar da kaya suka fita da ihu. Kai wane irin jaki ne?"

Dwayne baƙo ne, ɗan birnin Adelaide. Shekara biyu yana gyaran motoci a garin, amma wai bai san a al'adarsu ba a kiran sunan mamaci ba! Gidan mamacin ma an tashi daga ciki, hotunansa an kife, duk mai irin sunan an koma kiransa Kumanjayi a madadinsa har sai dangi sun ce ya isa.

Tun mahaifinta na raye Narelle ta tsara waƙar, da irin kiɗan makiyayan shanu da yake so. A ciki take cewa ita 'yar wane ce mai hawan doki, baƙa ce, kuma ba ta roƙon kowa ya so ta. Dwayne ya ɗauka a waya, ya tura gidan rediyon da ke Alice Springs bai tambayi kowa ba.

"Narelle, rabin raina, karrama shi na yi. Suna ne fa kawai..."

"Kawai?" Muryarta ta tsage. "Ubana ne, Dwayne! Waƙata ce! A ciki na ce ba mai aron bakina ya yi magana, kai da ka fi kowa haddace ta ka ɗauke ta kamar sifanarka!"

"Ina son ki..."

"Ni ma ina son ka, shi ya sa nake ji kamar in shaƙe ka!"

Kaka ta doka sandarta a ƙasa. "Ni ban yi makaranta ba, ban iya rubuta musu takarda ba. Kai da ka iya, kira su su cire ta yanzu. Gobe ka zo zangon makoki ka faɗa wa 'yan'uwansa abin da ka yi da bakinka. In ba ka zo ba, babu aure, ka tattara ƙarafunanka ka bar mana gari."

Ya zo. Ya zauna cikin jar ƙura, kai a sunkuye. Baffanni suka wanke shi tas, wata gwaggo ta kwaɗa masa sanda a kafaɗa. Bai motsa ba har rana ta take tsaka.

"Kaka... zai suma fa," in ji Narelle, hawaye na zuba.

"Ya suma mana."

Tsohuwar ta daɗe tana harararsa, sannan ta yi tsaki.

"Kai masa shayi. Kada ki sa sukari."

Narelle ta miƙa masa kofin, ta zauna gefensa a ƙasa.

"Waƙar fa?" ya raɗa.

"Shekara biyu, ko uku. Ranar da dangi suka yarda ni zan rera abata. Kai jita kawai za ka riƙe min."

"Zan jira, masoyiyata."

"Sha shayinka, wawa."