Jan Kambas a Ƙofar Masallaci

Ni mutum ne mai makara. Sallar asuba a sahun ƙarshe nake samunta, dab da takalma, kuma ni ke fara fita. Shi ya sa na fi sanin mutanen unguwarmu ta ƙafa.

'Yar yayana a shagon magani take aiki. Ranar da wayarta ta faɗa bokitin wanki, ta tsallaka titi wurin wani saurayi mai gyaran waya. Ya buɗe, ya hura, ya ce, "Likita, mara lafiyar nan sai an ba ta gado."

"To a kula min da ita, Injiniya."

Waya ta warke, lambarsa ta tare a ciki.

Da maganar aure ta iso gida, yayana ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda rana ke fito masa a kan katifa ba. Ciwon gwiwa ya hana shi zuwa masallaci, sai ya ɗora ni a kan bincike. Duk dangi an rasa wanda za a ɗora sai ni.

Injiniya yana da wani jan kambas da babu irinsa a unguwa. Kowace asuba ina tarar da shi a bakin ƙofa, an jera tsaf. Na ce wa yayana, "Yaron nan kamar tare da ladan yake zuwa."

Murna ta cika yarinya. Ta rubuta masa: "Injiniyana, duk asuba in na tayar da kabbara sai in tuna kai ma kana tsaye. Mu biyu, gaban Ubangiji ɗaya."

Ya amsa: "Likitata, ki ci gaba da sa ni a sujada."

Amininsa, wani tela da suke ɗaki ɗaya, shi ne ya je shagon magani sayen maganin mura, ba ya ko atishawa. Ya gaya mata cewa shi ke kai kambas ɗin masallaci a leda, mai shi yana gida yana minshari. Kafin ya fita ya ƙara da cewa shi ma bai da mata.

Ta je ta tsaya a gaban teburin Injiniya.

"Da gaske ne?"

"Likita, tsoron rasa ki ne..."

"Kar ka ce min Likita! Baba ka yaudara, Baffa kuma dama ba wuya. Amma ni fa? Wurin da ba na yi wa kowa ƙarya, nan ka shigo min da takalmi. Ina kuka ina gode wa Allah a kan leda!"

Ta toshe lambarsa. Telan ma ta ce ya nemi wani shagon. Ni ko gaisuwa sai da na nema.

An daɗe kafin saƙon Injiniya ya shigo mata ta wayar ƙanwarsa: "Na koma wani masallaci, bayan tasha, inda ba wanda ya san ni. Da farko ke nake roƙo. Yanzu nakan idar ban ambace ki ba, kunyar Wanda nake gabansa ta ishe ni. Ki yafe min, ko da ba za ki dawo ba."

Ta karanta, ta kife wayar, ta sake ɗauka. Ta rubuta: "Ka ci gaba da mantawa da ni a can. A nan kuma ka turo manya."

Yayana ya sake kira na. "Wannan karon ka tabbatar?"

"Na tabbatar, Yaya."

Aka ɗaura aure. Yayana ya dafa kansu, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai tsayar da sallah, amarya tana hawaye, ango yana amin har muryarsa ta dishe. Allah ya bar su tare.

Masallacin bayan tasha dai har yau ban san inda ƙofarsa take ba.